Inna Tana Bayan Rumfa Ranar da Na Nuna Wata Na Ce Uwata

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, sunayen da za ku gani ma duk na canza su. Ni dattijo ne, na yi ritaya daga koyarwa, yawancinku na haife ku, amma yau ni ne a gabanku ina cewa don Allah ku ba ni shawara, domin abin ya fi ƙarfin furfurata.

A Nasarawa Gwom na tashi, a nan Jos. Mahaifina tela ne, ya rasu ina sakandare. Ni ne ɗan fari a wajen mahaifiyarmu, Inna, kuma ita irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wancan" take ce min, in ta ji daɗi ta ce "mutumin nan". In za ta aike ni sai ta kalli ƙanwata Rabi ta ce ki gaya masa kaza, alhali ga ni a tsaye. Na san al'ada ce, ba wai ban sani ba, amma katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata maƙwabciya Kirista 'yar ƙasar nan, Maman Pam, mai sayar da dankalin turawa, ita kuwa in ɗanta Pam ya ci ko na goma ne a aji sai duk layi ya ji, ta rungume shi tana rawa. Ni ina cin na ɗaya, in na kawo sakamako Inna ko ɗagowa ba ta yi, sai dai da yamma in ga nama ya ƙaru a kwanona. Lokacin ban ɗauki nama a bakin komai ba, rawar nake so.

To ana nan har na shiga jami'a, wajen ƙarshen shekarun saba'in na gama da daraja ta ɗaya, kuma aka ce ni ne gwarzon ɗalibi a tsangayarmu, za a ba ni kyauta ranar bikin yaye ɗalibai. Aka ba ni kati na kujerar gaba, ta mahaifi ko mahaifiyar mai karɓar kyauta. Tun daga jami'a a Naraguta nake ta shirya yadda zan miƙa wa Inna. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, na durƙusa na ajiye katin a gabanta na yi mata bayani, ba ta kalle ni ba, ta ce wa Rabi, "Ki ce masa ya ba masu zuwa." Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan sanyi. Na faɗi maganganu a ranar, na ce wannan kunyar ta zama rashin ƙauna, na ce ko ɗan tsintuwa an fi nuna masa kulawa, ita dai shinkafarta take tsincewa. Na ɗauki katina na zagaya gidan Maman Pam. Ita kanta sai da ta ja baya, ta ce da irin Hausarta, "Kai yaro, Inna ya ce ba zai je ba? Ka je ka roƙe shi kuma." Na ce na roƙa, ƙarya nake. Ta share hannu a zane ta karɓa tana kuka.

Ranar biki a fili aka yi, an kakkafa rumfuna, mutane har bayan igiya inda masu talla suke. Aka kira sunana a lasifika, na hau da doguwar riga da hular nan ta 'yan digiri mai kama da faranti. Babban baƙo ya miƙa min kyautar, sai ya tambaya ina iyayen wannan yaro su tashi a gan su. A nan shaiɗan ya hau kaina. Na sauko na kamo hannun Maman Pam na hau da ita, na matsa kusa da abin magana na ce, "Ga uwata, wadda ta tsaya min." Duk taron da Turanci ake yi, ni da Hausa na faɗa, da gangan, don na hango 'yan unguwarmu a ciki kuma ina so maganar ta isa gida. Aka yi ta tafi. Da na koma gida na tarar an dafa shinkafa da kaza, na zauna na ci, a raina na ce ai an yi ɗaya da ɗaya.

Haka muka rayu shekara arba'in da wani abu. Ban taɓa gazawa wajen hidimarta ba, yanzu ma a gidana take a unguwar Ali Kazaure, tsufa ya kwantar da ita, rediyonta kullum yana gefen matashi. Amma gaskiya a can ƙasan zuciyata na riƙe cewa ba ta zo ba, kuma na sha ba 'ya'yana labarin da sigar ni aka yi wa ba daidai ba.

Abin da ya tayar da zancen shi ne, ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta ware kyauta ga ɗalibin da ya fi kowa a tsangayarmu duk shekara, suka ce ni zan zaɓi sunan da za a sa mata. Ban yi dogon tunani ba na ce Maman Pam, ta rasu da daɗewa, kuma ta cancanta, matar nan ta ciyar da ni ba sau ɗaya ba. Na kira Pam na gaya masa, sai na ji yana jan hanci a waya. Duk rigingimun da aka yi a garin nan sun raba mu unguwa amma ba su raba mu zumunci ba. Yanzu haka shi da ƙannensa sun ɗinka anko. Bikin wata mai zuwa ne, za a sa a rediyo, kuma masu shiryawa sun ce lallai in ba da labarin nan na "ga uwata", don shi ne ya fi burge su.

Makon jiya suka nemi hoton ranar. Na zaro shi, na shiga ɗakin Inna na same su da Rabi, na miƙa wa Rabi ina dariya na ce ta ga yayanta lokacin yana da gashi. Inna tana kwance, ta ba mu baya, hoton nan ko kusa da idonta bai je ba. Sai kawai ta ce, "Rabi, ai hular a karkace take. Tun yana hawa matakala nake so in ce wani ya gyara masa." Na duba hoton. A karkace take kuwa, ta zamo gefen hagu, ni ban taɓa lura ba.

Na ja Rabi waje. Da farko ta ƙi, ta ce Inna ta sa ta rantsuwa, na ce ai wadda ta sa ki rantsuwar ce ta buɗe da bakinta. Ashe ranar bikin bayan fitata Inna ta yafa mayafi ta ce Rabi ta raka ta, suka hau mota har can, suka tsaya a bayan rumfa cikin masu sayar da rake, don kar wani ɗan unguwa ya ce ga ta nan ta zo kallon ɗan fari. Rabi ta ce da aka kira sunana Inna ta damƙe mata hannu har sai da ta ji zafi. Da na yi waccan maganar kuwa sai ta saki hannun, ta ce mu tafi, kar kaza ta yi dare. Ba ta sake tayar da zancen ba, kuma washegari ita ta aika wa Maman Pam kwanon shinkafa da godiya.

Tun ranar abinci ba ya min daɗi. Ina jin kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane biyayya. A gida an rabu. Matata ta ce in janye sunan Maman Pam a sa na Inna, na ce in aka kira sunanta haɗe da nawa a lasifika ai na kashe ta da kunya, sannan da wane ido zan kalli Pam. Rabi ta ce in yi shiru, wai in na durƙusa na nemi gafara na tilasta wa Inna ta amsa cewa ta je, abin da ta ɓoye tsawon rayuwarta, kuma ranar biki ita za ta cire batirin rediyon. 'Yata kuma ta ce Baba wannan duk kauce-kauce ne, tsohuwar nan kullum ƙara yin ƙasa take, in ta tafi wa za ka gaya wa?

Jiya bayan la'asar na yi niyyar neman gafarar Inna. Na karkata hulata da gangan na shiga, na zauna a ƙasa kusa da gadonta, na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ina ta juya yadda zan fara. Can ta ɗan waigo kaɗan, sai ta ƙwala wa 'yata kira ta ce, "Zo ki gyara wa wancan hula, mutum har ya yi jika bai iya sa hula ba." Yarinya ta zo ta gyara, na tashi na fita don kar su ga hawayena.

To jama'a me zan yi? In hau mumbari in sake cewa "ga uwata" tana ji a rediyo, ko in faɗi gaskiya a bainar jama'a in tona abin da ta rufe? In bar sunan Maman Pam yadda yake? Musamman iyaye mata da kuka san wannan kunyar daga ciki, ku gaya min, in ɗan fari ya durƙusa ya ce Inna ki yafe min, sauƙi take ji ko wani ciwon na ƙara mata? Ku taimake ni da wuri, har yanzu tana numfashi a ɗakin da ke kusa da nawa.