Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Yamai

Zuwa ga ƙanena Luƙman, a Kore Mairuwa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Inna, da matarka Mubaraka da yara. Ya aikin makaranta?

Bayan gaisuwa, hankalina a tashe yake. Cibiyar bincikenmu za ta rage ma'aikata a ƙarshen wata. Wanda za a bari shi ne wanda masana suka fi ambaton aikinsa a rubuce-rubucensu. Ƙirga ambaton ake yi kamar damman hatsi. Ka san shekarun da na ɓatar a labo, ɗakin gwaje-gwaje, ina tonon ƙwayoyin halittar gero, ina neman abin da ke sa wani iri ya jure ƙuduji. Babban rubutuna a kan wannan an ambace shi fiye da sau ɗari biyu. Sai dai da sunan Altine Mani ya fita, sunan da Inna ta ba darekta ranar da aka sa ni makaranta. Fasfo da kwantiragina kuwa sunan yanka suke ɗauke da shi, Hindatu Mani. Kwamiti ya duba Hindatu ya ga ambato tara kacal.

Na rantse musu ni ce duka biyun, sun ce sai takardar shaida daga meri, ofishin magajin gari. Ana son mutum biyu da suka halarci sunana su shaida da bakinsu. Baba ya rasu, liman ya rasu. Saura Kawu Hakim da Inna.

Ka karanta mata wannan a zaune, don a waya kashe maganar take yi. In aka sallame ni, irin geron da na tattaro daga ƙauyukan Lugu da Dumega shara za a zuba shi.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Altine

Kore Mairuwa

Yaya Dakta,

Wa'alaikis salam. Kowa lafiya lau, yara suna gaida ki. Ashe mutum biyu nake da su a matsayin yaya ban sani ba? Da na daɗe ina karɓar tsaraba biyu.

To, wasa a gefe. Kawu Hakim ya yarda tun kafin in rufe baki. Inna ce matsalar. Na karanta mata, ta saurara tana tsince wake, sannan ta ce, "Ɗiyar hwari ce, kuma sunan uwar mijina gare ta. Kunya biyu. In tsaya gaban yaron meri in hwaɗe shi? Mi ni yi maku?"

Na yi mata bayanin ambato. Ta ce, "Su Turawan ba su da kunya, su ta ambatonta. Ni ba ni iyawa."

Na je meri na roƙa ko za ta dangwala yatsa kawai. Sakataren ya ce dole ya ji sunan daga bakin mai shaida. Ki yi haƙuri, ban fid da rai ba.

Allah ya bar zumunci.
Naki, Luƙman

Yamai

Luƙman,

Sallama da gaisuwa, a gurguje. An ba ni kwali in fara haɗa kayana. Na kasa cin abinci.

Ka gaya wa Inna ban taɓa ƙorafi ba. Tun ina yarinya "ke" take ce mini, ko "waccan", in ta ji daɗi ta ce Altine. Na san al'ada ce, ba ƙi ba ne. Amma mutanen da ba su taɓa ganin fuskata ba, a ƙasashen da ban taɓa takawa ba, sun kira sunana sau ɗari biyu, ga shi duk zai tashi a banza saboda wadda ta haife ni ta kasa kiran sunana na yanka sau ɗaya. Kuka nake yi ina rubuta wannan. Kada ka tausasa maganar, ka karanta mata yadda take. In na yi rashin kunya ta yafe mini.

Sai na ji daga gare ka.
Altine

Kore Mairuwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta mata kamar yadda kika ce. Washegari da safe sai na gan ta a bakin ƙofa da mayafin zuwa biki.

A meri sakataren ya tambaye ta sunan 'yarta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa ƙasa-ƙasa. Ya ce bai ji ba. Wallahi na zaci tashi za ta yi. Sai ta yaye mayafin ta faɗa da ƙarfi, har masu jira a waje suka leƙo.

A hanyar gida ta ce, "Ka ce mata ta ƙara guda bisa lissahinta."

Takardar tana hannun direban motar Dogon Dutsi mai zuwa Yamai. Allah ya sa ta iso a kan lokaci.

Naki, Luƙman

Yamai

Luƙman,

Na gaishe ku duka. Takarda ta iso, na miƙa, kwamiti bai ce komai ba tukuna.

Abu ɗaya nake roƙo. Kai ka ji, Kawu ya ji, har baƙin meri sun ji. Ka gaya mini yadda sunan yake fita a bakinta.

Ku huta lafiya.
Hindatu