A Wane Tsallake Uwar Take?

Litinin, 6 ga Oktoba

Sabon aiki. Mista Halloran, tsohon malamin tarihi, ƙafa ta mutu amma baki garau. Teburin cin abincinsa cike da 'yan sojojin dalma masu jan mayafi. Na kai hannu zan share ƙura, ya daka mini tsawa kamar na tsone masa ido. Wai rundunar Rum ce, tana tsaron iyaka kada ƙabilun Jamus su ƙetaro. To, Allah ya ba su sa'a. Ni dai ya sha maganinsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ina ba shi miya yana ba ni yaƙi. Runduna uku suka shiga daji ana ruwa, hanya ta matse, 'yan kaɗan ne suka fito. Wanda ya kai su ya baro, Arminiyus, ɗan ƙabilun ne da Rumawa suka horar, har suka ba shi zama ɗan ƙasa. Da na ji wannan sai cokali ya tsaya a hannuna.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Fataw ya zo gida cin waakye, shinkafa da waken nan tamu ta Kumasi. Aski ƙwal, takalmi mai nauyi. Ya gama horo, ya fara aiki da masu kamen marasa takarda. Ɗana na cikina, da na haifa a Bronx ɗin nan. Ga yayansa Kudus zaune, wanda na haifa a Kumasi, bizarsa ta mutu tuntuni, yana tallar hula da turare a titin 125th.

Kudus ya ce, "Ofisa, yajin shito zan miƙo maka ko hannuwana?"

Ba wanda ya yi dariya. Fataw ya ce, "Mma, it's a job." Wai aiki ne kawai.

Talata, 14 ga Oktoba

Ashe Arminiyus yana da ɗan'uwa, Filabus, wanda ya zauna wa Rumawa har ya rasa ido ɗaya a yaƙinsu. Wata rana suka haɗu, kogi a tsakani, kowa na ɗaga murya daga tsallakensa. Filabus na lissafa albashi da lambar girma, Arminiyus na kiran ƙasa da dangi. Ba don an riƙe Filabus ba da ya nemi makami ya faɗa ruwa. Tsoho sai murna yake, yana jera sojojinsa na dalma a gefe da gefen faranti. Ni tsoro nake ji.

Juma'a, 17 ga Oktoba

An kwashe Souley mai agogo, wanda teburinsa ke jikin na Kudus. Motoci marasa rubutu. Kudus yana masallaci, shi ya sa ya tsira.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na yi wa Zeinabou, matar Souley, sallama a jirgin ƙasa. Ta dube ni ta kau da kai. Magana ta zaga gari, wai ɗan Hamdatu, wato Fataw ɗina, na cikin masu kamen. Ban sani ba ko yana wurin ranar. Ban tambaye shi ba, kuma na san dalilin da ya hana ni.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na tambayi tsoho, uwar su Arminiyus fa? Ya ce tana tsallaken Arminiyus, amma ba wanda ya rubuta sunanta. Na ce uwa ba ta da tsallake. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce a ɗebo masa ruwa. Mutumin nan wani lokaci haushi yake ba ni.

Kudus ya dawo ɗakina da jaka ɗaya. Ba ya kusantar taga.

Asabar, 25 ga Oktoba

Fataw ya kira da hantsi. "Mma, ina Kudus yake kwana yanzu? Magana kawai zan yi masa. Gara ni da wani."

Muryarsa irin ta lokacin da yake zazzaɓi yana yaro. Ƙila gargaɗi yake son yi masa. Ƙila. Kudus na kan dardumata yana kallon bakina.

Na ce masa Kudus ya tafi Ohio wajen abokansa. Ya ce to zai zo gobe. Na ce ina aiki gobe. Ba ni da aiki.

Da la'asar na sa mai kula da bene ya canza kwaɗon ƙofa, wanda Fataw ke da makullinsa. Dama ya daɗe yana cijewa, ba wani abu ba ne. Makulli biyu ya ba ni, ya ce ko a yanko na uku. Na ce biyu sun isa.