Ciki Wata Bakwai a Gidan Mazarƙwaila

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma maganar nan ta tsaya mini a wuya, kuma duk wanda na faɗa wa dariya yake yi.

Inna, ina da ciki, na fari, wata bakwai. Da kina raye da yanzu ina ɗakinki a Kudan ina goyon ciki, kina hana ni ɗaga ko da tulu. To ga ni a Makarfi, gidan mijina, kuma kin san sana'arsu. Tun da sojojin nan suka ce a ɗaure ciki, sukari ya ɓace a kanti, sai an yi layi ana tsoron bulala, kowa ya dawo kan mazarƙwaila. Daga hantsi doki ke zagaya injin matse rake a bayan katangarmu, ruwan na tafasa har magariba. Ƙamshin nan har cikin zanen gadona yake.

Ni kuwa cikin nan ba abin da yake so sai zaƙi. Tuwo ya gagare ni, miyar kuka ko kallonta ba na yi. Amma mazarƙwaila mai ɗumi, alawa, gullisuwa, lemon kwalba in ya samu, wayyo Inna! Ina ci ina jin kunyar kaina, ina kuma miƙa hannu.

Ina tuna ranar kasuwa da kika kama ni ina lasar tasar mai alawa, kika ja mini kunne tun daga bakin rumfa har gida. Kullum maganarki ita ce kwaɗayi mabuɗin wahala. A lokacin haushinki nake ji. Yau ina neman mai ja mini kunne, babu.

A gidan nan ba a hana mai ciki abin da ranta ke so. Iya, uwar mijina, da hannunta take kawo mini tasar farko kafin ta sandare. Da safe kuma ta ba ni maganin zaƙi, jiƙon sassaƙen nan mai ɗaci da kika riƙa dafa wa matan unguwa. A wurinta lissafin mai sauƙi ne: a ci zaƙi da rana, a wanke shi da safe, naƙuda ta zo salin alin. Ni ma na yarda, don abin ya yi mini daidai.

Sai da na je awo. Malamar asibitin, wata Kirista mai faɗa kamar ke, ta gwada fitsarina, ta dube ni ba fara'a. Ta nuna mini cewa sukari ya hau jinina, jiƙo ba ya wanke shi, kuma ɗan yana ta ƙiba a ciki. In na ci gaba zai iya ƙin fitowa sai an yanka ni a Zariya, ko ya mutu a ciki. A wannan zamani da asibiti ko auduga sai ka zo da abarka!

Na gaya wa Iya, ta ce sharrin boko ne, ita tara ta haifa a kan wannan jiƙo. Maigidan kuma ba ya iya musa wa uwarsa. Gaba kura, baya sayaki. Na dai fara ƙoƙari. In abin ya taso sai in tauna gyaɗa ko yalo, in sha ruwa, in gudu gidan maƙwabta inda ƙamshin bai kai sosai ba. Tasar Iya kuwa ina karɓa da hannu biyu, in faki idonta in bayar. Wata rana in yi nasara, wata rana a kayar da ni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na jiya. Na yi kwanaki ban taɓa zaƙi ba, har ina yaba kaina. Sai ɗan ya yi shiru. Tun safe har la'asar ko motsi. Na kwanta ta dama, na juya hagu, na danna, na kira sunan Allah, shiru. Kuma na san abin da ke tashinsa. Na shiga rumfar da ake dafa ruwan rake na gutsuri mazarƙwaila. Ba a jima ba ya harbe ni a haƙarƙari.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, Inna. Abin da aka ce zai kashe mini shi, da shi na gane yana da rai. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji. Gobe zan koma wurin malamar in faɗa mata komai, ko za ta zage ni ta zage ni.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki. Ya Allah, Ka cire mini wannan kwaɗayi, Ka sauke ni lafiya, kada Ka kama yaron nan da laifin bakina. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza