Gurbi Huɗu, Mu Biyar

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Yau ma mun buga bayan La'asar. Wata bakwai ke nan da Jamaluddeen ya sa mini wasan harbin nan a waya, wai ko na rage zaman shiru. Shi yana Kano, ƙanwarsa Fiddausi tana Maiduguri, ni ina kan tabarmata, amma a cikin wasan jirgi ɗaya ne yake zubar da mu. Mutum huɗu ake yi a ƙungiya. Awa guda a mako nake jin muryar jikokina a ɗakin nan. Sauran kwanakin sai rediyo.

Na huɗunmu, Zulkifli abokin Jamalu, ya tafi sansanin masu hidimar ƙasa. Ni da bakina na ce a sa Babaji maƙwabcina ya riƙe gurbin, tunda ɗansa ya bar masa waya. Tsohon mahauci ne, ko sunansa ba ya rubutawa. Gaskiya na ɗauka idan aka ga nasa za a yaba nawa.

Ya kashe mutum biyar. Ni ɗaya, shi ma ɗayan a tsaye yake bai motsa ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Shekara biyu kacal na ba shi. Me ya sa nasa yatsun ba sa rawa?

Asabar, 19 ga Afrilu

Kafin in gama ɗaukar bindiga Babaji ya tsallake gidaje uku. Ba ya tsayawa, ba ya duba taswira, gudu kawai yake yana harbi kamar an kunce ɗan maraƙi. Jamalu yana dariya yana cewa, "Baba Babaji, wannan hannun ai na fiɗa ne."

Ni kuwa ina baya da jakar magani, kamar kullum. Aikina in duba taswira in faɗi inda da'irar filin wasan za ta matse, in ƙirga mu. Shekara talatin ina malamin dabbobi, ina tsaye a bayan garke a bakin burtali ina ƙirga kai. Har yanzu bakina yana yi shi kaɗai: ɗaya, biyu, uku. Idan na ga biyu, na san wani ya faɗi, sai in rarrafa in tashe shi. Da ana yi mini godiya a kan wannan. Yau ba wanda ya lura.

Fiddausi ta ce, "Mai gidana, ka ɗaga ƙafa mana, ko in sake miji." Wasan jika ne, na sani. Amma ta ƙara da cewa ga Baba Babaji nan a kusa. Na yi dariya don a ji.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ranar kasuwa. Tun safe manyan motocin shanu suke wucewa. Na rufe ƙofa na yi ta gwada gudu ni kaɗai a filin koyo har babban yatsana ya ƙage. Sau uku ina shiga cikin bango. Rana ta dafa wayar, ta mutu.

Asabar, 26 ga Afrilu

Jamalu ya ce Zulkifli zai dawo nan da mako biyu, "sai mu ga yadda za a yi." Ba abin da za a gani. Gurbi huɗu ne, mu biyar. Jamalu yana son cin wasa, ba laifinsa ba ne. Da ni ne shi, na san wanda zan ajiye.

Tuwon da aka aiko daga gidan ƙanwata yana nan a rufe.

Asabar, 3 ga Mayu

Zan rubuta yadda abin ya faru, tunda ba mai karantawa.

Saura ƙungiya uku. Babaji ya ruga gaba kamar yadda ya saba, aka harbe shi a bayan wata bukka, ya faɗi yana rarrafe. Ni ne mafi kusa da shi. Magani cike da jakata, ba kuma wanda ya gan ni. Na ji shi ta waya, na kuma ji shi ta katanga, yana cewa, "Malam Abatcha, ga ni nan, ga ni nan." Na ɗauke yatsana daga kan gilashin. Na zauna ina kallon jan layin ransa yana raguwa har ya ƙare. Sannan na ce sabis ne ya ɗauke.

Da babu shi a gaba, ba a yi minti biyu ba aka share mu. Ni aka fara kashewa.

Jamalu ya zagi kamfanin waya. Da za a kashe, Fiddausi ba ta kira ni mai gidanta ba, ta ce, "Sai da safe, Kaka."

Litinin, 5 ga Mayu

A masallaci na koma sahun baya don kada mu jera da Babaji.

Laraba, 7 ga Mayu

Ya yi sallama da hantsi, da balangu a takarda, ya yanka ƙanana saboda haƙorana. Na so a ce bai kawo ba.

Ya zauna ya ce shi zai bari idan Zulkifli ya dawo, ai jikokina ne. Ban ce a'a ba. Sai ya miƙo wayarsa ya nuna mini ƙaramin zanen da ke kusurwa ya ce, "Malam, wai wannan mene ne amfaninsa?" Taswirar yake nufi. Mako huɗu yana wasa bai san taswira ba ce. Lambobin da ke sama, waɗanda nake kira don a san ta ina abokan gaba suke, ba ya karanta ko ɗaya. Ya ce shi gudun da yake yi ba gwaninta ba ce, bai san inda za shi ba ne, idan ya tsaya kuma tsoro yake ji. Idan na ce dama ya yi dama. Idan na yi shiru sai ya ruga.

Na tambaye shi ko ya yarda sabis ne ya ɗauke ranar. Ya ce, "Ta katanga ina jin tarinka, Malam. Ci naman kafin ya huce."

Ashe ɗansa ma sai wata-wata yake kiransa.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na cinye balangun jiya. Gishiri ya yi yawa.

Asabar, 10 ga Mayu

Zulkifli ya dawo. Kafin Jamalu ya fara kame-kame na ce masa gurbin da ya rage nawa ne, kuma ni zan san yadda zan yi da shi.

Babaji ya shigo da buzunsa. Wayata a hannunsa, ni a gefen kafaɗarsa da tabarau. Na ce ba zai motsa ba sai na ce. Sau biyu ya zabura, na riƙe masa hannun riga. Na ƙirga, biyu. Fiddausi ce ta faɗi a tsakiyar fili, inda ni da ƙafafuna na cikin wasa ba zan taɓa isa ba. Na ce masa hagu, bayan dutse, yanzu. Ya isa kafin in rufe baki. Ya tashe ta.

Na uku muka zo. Ba mu taɓa wuce na shida ba.

Fiddausi ta ce yanzu ta rasa wane ne mijin, mai bakin ko mai hannun. Babaji ya ce shi ɗan aike ne kawai. Ya dai san matsayinsa.

Asabar, 17 ga Mayu

Ya zo tun kafin La'asar, wai in koya masa lambobin. Ya gane har tara, yana juya shida. Ban ga dalilin gaggawa ba. Idan ya iya duka, me zai zo yi nan?

Har yanzu yana saurin tsiya, kuma dariyarsa ta cika ƙarfi. Na sa an wanke ɗayan kofin shayin, na matata marigayiya Aisa. Ƙura ce kawai ta dame ni a kansa.