Fuskata a Bangon Coci

Bomo, 4 ga Mayu, 2006

Zuwa ga Celestine mai zane, PZ, Sabon Gari.

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Rachel maƙwabciyata ke rubutawa, amma bakin nawa ne.

Shekara bakwai ina haɗiye maganar nan. Na kawo maka Mika ka koya masa zane, ban ce ka koya masa tonon asiri ba. Ya zana Yusufu mai tsarki a cocinmu, sai ga fuskata, har da tsagar kumatuna da giɓina! Kowa ya san ba Yusufu ya haifi Yesu ba. Wato yaron nan ya rataye ni a bango yana shela: wannan ba ubana ba ne, mijin uwata ne kawai. Tun ranar ban sake taka cocin ba. Kai ka sa shi?

Naka,
Ɗanmaraya

Sabon Gari, 11 ga Mayu

Baba, ina gaishe ku da iyali.

Haba, Baba! Fada, limamin cocin, ya kawo kalanda ya ce a kwafi fuskar Bature. Mika ya ƙi. Ya ce mutum ɗaya ya sani da ya saɓa ɗan da bai haifa ba a kafaɗa, ya ratsa ruwa da shi har asibitin Samaru. Kun lura a zanen inda jariri Yesu ya damƙe gemu? Ya ce haka yake yi muku yana ƙarami. Sanda mai fure da ya zana a hannunsa kuwa, alama ce Allah da kansa ya zaɓi Yusufu cikin maza.

Mika yana zaton aikinsa kuka raina. Sau uku yana hawa mota zuwa Samaru don ya ƙaraso wurinku, ya tsaya a tasha, ya juyo.

Ɗanku,
Celestine

Bomo, 15 ga Mayu

Mika, ɗana.

Ina gaisuwa. Jiya na je coci, na zauna a gaba. Na duba da kyau. Hancin ya yi girma, amma na yafe. Mata suka ce na yi kuka. Ƙarya suke, hayaƙin turare ne. Tuwo biyu na ci da na dawo.

Sai dai shekara bakwai, ba ka da baki ne? Kai ma taurin kai, ban san inda ka ɗauko ba. Rachel, daina dariya, rubuta.

Kada ka turo Celestine. Wace Lahadi za ka zo mu zauna tare a ƙarƙashinsa? Ka amsa mini da hannunka.

Ubanka,
Ɗanmaraya