Rasuwar Hamani Takama, Mai Tsayawa Tsakiyar Fili

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Zumuncin 'Yan Kokowa ta ƙasar Konni, Malbaza da Illela ta samu labarin rasuwar ubanta kuma mai horar da samarinta, Sarkin Fili Malam Hamani Hashimu, wanda aka fi sani da Takama. Allah ya karɓi abinsa ranar Laraba bayan gajeruwar jinya a gidansa da ke Birnin Konni, aka kuma yi masa sutura kamar yadda addini ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka san marigayi yana saurayi sun san ba da kaye ya yi suna ba. Shi da bakinsa yakan ce ya sha ƙasa fiye da yadda ya shayar, kuma ba mu taɓa jin wanda ya musa masa ba. Abin da ya ɗaukaka shi daban ne. A kakar 1964, a karon da aka yi tsakanin Tungar Rabo ta wajen Dogarawa da Zangon Bawa ta kwarin Badagishiri, wani ɗan kokowar Zangon Bawa ya faɗi ta wuya bai sake tashi ba, inda daga bisani aka ƙone rumbuna, aka fasa kawuna, jandarma suka rufe fili. Marigayi ne ya yi ta sintiri tsakanin garuruwan biyu da buro, wato ofishin hukuma, har aka sake buɗe filin, bisa sharaɗin cewa shi da kansa zai tsaya tsakiya a kowane karo, in kuma jini ya zuba, shi za a kama.

Daga nan ya kafa tsarin da ƙungiyar nan take tsaye a kai. Kowane ɗan kokowa, kafin karo, sai ya sauka a gidan abokin karonsa, ya ci tuwon uwarsa, ya ɗebo mata ruwa, domin a ganin marigayi hannun da ya karɓi akushi daga wata mace ba zai yi saurin karya mata ɗa ba. Ya hana makaɗa ambaton matattu a cikin kirari. In an tashi daga fili, yakan bar gwani ya wuce gaba da kiɗansa, shi kuwa ya dawo baya ya jera da wanda aka kayar har gida. Yana da faɗa, wannan ba za mu ɓoye ba, har manyanmu sun sha harshensa. Amma bai taɓa tsawata wa yaro a gaban makaɗa ba, kuma ko sau ɗaya jini bai zuba a filin da ya tsaya ba.

Wajibi ne ƙungiya ta faɗa wa jama'a abin da ke hana ta barci. Kafin ya kwanta ciwo, marigayi ya yanke cewa bana za a haɗa Mas'udu na Zangon Bawa, ƙanen wancan da ya rasu a fili, da Isufu na Tungar Rabo, ɗan wanda ya kayar da shi. Shekaru ya yi yana raba su, yana jiran su girma a hannunsa, da nufin su kama juna a gabansa maganar ta mutu. Makaɗa sun riga sun kai shela kasuwa-kasuwa. Yanzu ba shi, kuma kowane gari ya ƙi a ɗage, don kada a ce shi ne ya ji tsoro. Damina ta ƙi, rumbuna wayam, zukata a kusa. Mun samu labarin cewa an sallami Isufu daga masaukinsa a gidan su Mas'udu da uzurin babu hatsin ciyar da baƙo, ana saran gora a garuruwan biyu, an kuma ji kirarin da aka hana yana tashi a bakin rijiya. A maƙabarta ma samarin biyu sun ɗauki makara tare suna hawaye, amma danginsu gefe-gefe suka tsaya. Da muka zauna muka tambayi kanmu wa zai tsaya inda Takama yake tsayawa, kowa ya sunkuyar da kai, har da mai sa hannu a wannan takarda. Muna jin tsoro, kuma ba mu jin kunyar faɗa.

A madadin shugabanni, dattawa, makaɗa da ɗaukacin 'yan kokowa, ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakin marigayi, Malama Shatu, da 'ya'yansa Fati da Kyauta, da sarakunan gargajiya da malaman ƙasar nan baki ɗaya, tana roƙon Allah ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya ba iyalinsa ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi. Tana kuma roƙon dattawan Tungar Rabo da na Zangon Bawa, don girman Allah, su zo gaisuwa tare, su yanke magana a zauren mamacin tun ana iya yankewa da baki. Ranar karon za ta riga sadakar arba'in. Allah ya sa kafin ranar sadakar kada mu sake rubuta irin wannan takarda da sunan Mas'udu ko na Isufu.

Mahamudu Wakili
Magatakarda kuma Kakakin Ƙungiya
Birnin Konni, Nuwamba 1973