An Mayar Mini da Ƙofata da Rana Tsaka

Zuwa ga mai girma Kawu Alhaji Garba,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da iyali. Da hannuna na rubuta wannan.

Albishirinka! Kotu a Gusau ta wanke ni daga zargin kai wa 'yan bindiga abinci, ta ce jami'an da suka ɓalle ƙofata su biya diyya. Na miƙe na ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, a gaban maƙwabta suka karya ta, a gabansu za su kafa sabuwa." Ya amince. Ranar Talata suka zo garinmu Karakkai da kafinta, babbansu ya ba ni haƙuri.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa.

Shaidu: Liman Sani, Mai Unguwa Bala, da Isa mai shayi, wanda ya fara kirana infoma, wato ɗan leƙen asirin 'yan bindiga. Shi ya riƙa miƙa ƙusa.